LABARIN ALTHEA GIBSON, GWANAR WASAN TANIS TA DUNIYA

A kowace makaranta ba a rasa yaro ɗaya wanda ya gagari malamai. Yau ya zo, gobe ba a gan shi ba. In an yi masa magana ya mayar, in an taɓa shi ya kai naushi. Sau da yawa ƙarshen irin wannan yaro shi ne a soke sunansa daga rajista, kowa ya huta. To, labarin da za mu ba masu karatu yau na wata yarinya ce mai irin wannan hali, wadda ta bar makaranta tana da shekara 13, amma ta koma aji tana da shekara 19, ta yi digiri, ta koyar, har ta kai ga Sarauniyar Ingila ta miƙa mata lambar nasara da hannunta a gaban dubban mutane. Sunanta Althea Gibson, mutuniyar Amurka. Ita ce baƙar fata ta farko, mace ko namiji, da ta ci manyan gasannin tanis na duniya. A cikin labarinta akwai daɗi akwai kuma ɗaci, duka biyun kuwa suna da amfani ga wanda ya ke riƙe da 'ya'yan mutane.

Yadda Wasan Ya Ke

Ga wanda bai taɓa kallo ba, tanis wasa ne na mutum biyu, ko huɗu biyu-biyu. A kan ja raga a tsakiyar fili, kowa ya tsaya a gefensa da sanda mai faɗin kai wadda aka saƙa da tsirkiya, suna buga wa juna ƙaramar ƙwallo ta bisa ragar. Wanda ya kasa mayarwa, ko ya buga ta fita layi, an ci shi. Kowane karo a kan raba shi kashi-kashi, mu kira kowane kashi zagaye. Wanda ya riga kai ci shida, ya kuma fi abokin karonsa da biyu, shi ya ɗauki zagayen, a wasan mata kuwa wadda ta ɗauki zagaye biyu ita ta yi nasara. A zamanin da mu ke magana, in an yi kunnen doki a kan yi ta yi har sai wani ya ba da ratar biyu, shi ya sa za a ga mun rubuta 9-7 ko 12-10.

Manyan gasanni huɗu ne a shekara: ta Ostareliya, da ta Faransa, da ta Wimbledon a Landan, da ta Amurka. Sai a lura da abu ɗaya, domin shi ne tushen rabin labarin nan. Kafin 1968 ba a biyan kowa ko anini don ya ci waɗannan gasanni. Dokarsu ita ce masu wasa don sha'awa kaɗai ke shiga, wanda duk ya karɓi kuɗi a fili don ya yi wasa an rufe masa ƙofa ke nan.

Asalinta

An haifi Althea ran 25 ga Agusta, 1927, a wani ƙauye mai suna Silver, cikin Jihar Karolina ta Kudu. Iyayenta, Daniel da Annie Gibson, manoman auduga ne, amma gonar ba tasu ba ce. Su noma, in an tsince a raba da mai ƙasa. Da kasuwar auduga ta faɗi, sai suka yi ƙaura a 1930 zuwa Harlem, watau unguwar baƙaƙen fata ta birnin New York, uban ya sami aiki a garejin motoci. Can aka haifi ƙannenta huɗu.

Yarinyar ta tashi ba abin da ta ƙi jini kamar zaman aji. Ta fi son ƙwallon kwando da yawon titi, uban kuwa da kansa ya koya mata dambe, har ya zamana samarin unguwa suna shakkarta. Shi kuma mutum ne mai saurin hannu, saboda haka in ta yi laifi ta kan ƙi komawa gida, ta shiga jirgin ƙasan nan mai bi ta ƙarƙashin gari ta kwana tana zagaya. Har ta taɓa zama a gidan da a ke ajiye yaran da a ke gallaza wa.

Amma titinsu, mai lamba 143, yana cikin waɗanda 'yan sanda su kan tare da rana don yara su sami wurin wasa. Nan a ke buga wani ƙaramin tanis da faifan katako. A 1939, tana da shekara 12, ta cinye dukan matan New York a wannan wasa. Wani makaɗi mai suna Buddy Walker, wanda ya ke lura da yaran titin, ya ga yadda ta ke buga ƙwallo, sai ya sayo mata sandar tanis ta ainihi ya gwada ta. Mutanen unguwa suka yi karo-karo suka biya mata kuɗin shiga kulob ɗin Cosmopolitan, inda manyan baƙaƙen fata na Harlem su ke wasa, aka haɗa ta da wani malami mai hannu ɗaya, Fred Johnson. Sa'an nan mashahurin ɗan damben nan Sugar Ray Robinson da matarsa suka jawo ta jiki, har ya saya mata algaitar Turawa da a ke kira saksofon.

Likitoci Biyu

A wannan zamani baƙaƙen fata ba su da damar shiga gasannin fararen fata, saboda haka tun 1916 suka kafa tasu ƙungiya, wadda a ke kira ATA a taƙaice. Althea ta ci gasar 'yan mata ta wannan ƙungiya a 1944 da 1945. A 1946 ta shiga ta manyan mata, ta kai karon ƙarshe, aka ka da ita.

To, cikin masu kallo ran nan akwai likitoci biyu, baƙaƙen fata, masu son tanis: Dokta Hubert Eaton na garin Wilmington, da Dokta Robert Walter Johnson na garin Lynchburg. Ba su dubi faɗuwar ba, sai suka dubi abin da ke jikin yarinyar. Suka kira ta suka tambaye ta ko tana son shiga jami'a, sai suka tarar ko sakandare ba ta gama ba. Wani da nan zai sallame ta. Su kuwa sai suka yi shawara a tsakaninsu: lokacin karatu ta zauna gidan Dokta Eaton ta shiga makaranta, ta riƙa wasa a filin da ke bayan gidansa, lokacin hutu ta koma wurin Dokta Johnson, ya riƙa ɗaukarta a motarsa yana kai ta gasa gari-gari. Ci da sha da tufafi duk a kansu. Sharaɗinsu ɗaya ne, watau karatu.

Wannan shi ne wuri mafi wuya a rayuwarta, ko da ya ke ba a faye ambatonsa ba. Budurwa mai shekara 19, wadda ta saba kwana inda ta ga dama, ta koma ƙarƙashin dokar gida, ta zauna benci ɗaya da yaran da ta girme da shekaru. Matar Dokta Eaton ta shiga koya mata ladabin zama da na cin abinci da na sa tufafi. Ga shi kuwa Wilmington a Kudu ya ke, inda doka ta raba makaranta da wurin cin abinci, in baƙar fata ya shiga bas sai ya zauna can baya. Ta daure. A 1949 ta gama sakandaren Williston, ta sami gurbi a Jami'ar Florida A&M ta hanyar wasanni, ta fito da digiri a 1953. A filin wasa kuwa, daga 1947 har 1956, shekara goma a jere, ba wadda ta karɓe kofin ATA daga hannunta.

Ƙofar Forest Hills

Gasar ƙasar Amurka a lokacin a wani wuri a ke yinta mai suna Forest Hills, cikin New York. Ba a rubuta a takarda cewa baƙar fata ba zai shiga ba. Abin da aka ce shi ne, sai mutum ya nuna gwanintarsa a ƙananan gasanni tukuna. Su ƙananan gasannin kuwa a kulob-kulob a ke yinsu, ba a shiga sai da gayyata, kulob-kulob ɗin kuma ba su gayyatar baƙar fata. Akawu duk da ya san aikin ofis ya san irin wannan dabara, a ce da mutum ya kawo takardar da aka san ba mai ba shi.

Wadda ta fasa wannan ƙulli wata Baturiya ce, Alice Marble, wadda ta ci gasar Amurka sau huɗu, ta ci Wimbledon a 1939. A watan Yuli 1950 ta rubuta wasiƙa a mujallar tanis ta ƙasar, ta ce wa 'yan'uwanta abin kunya ne a hana yarinya wasa saboda launin fatarta. In tana da gwaninta a bari a gani a fili, in ba ta da ita fili zai nuna. Da ya ke mai maganar ba wadda za a rena ba ce, sai shugabannin suka ji nauyi. Aka gayyaci Althea wata gasa a New Jersey, daga nan aka ba ta wuri a Forest Hills.

A ƙarshen Agusta 1950, kwana kaɗan bayan ta cika shekara 23, ta shiga filin. Ta ka da Barbara Knapp ta Ingila 6-2, 6-2. Karo na biyu sai aka haɗa ta da Louise Brough, wadda ta ci Wimbledon shekara uku a jere. Brough ta ɗauki zagayen farko 6-1, Althea ta rama 6-3. A na uku Althea tana gaba 7-6, saura ƙiris, sai hadari ya taso, aka yi tsawa har ta kakkaɓo wata gaggafar dutse da aka kafa bisa ginin filin. Aka tsai da wasa. Ta kwana da abin a ranta, 'yan jarida sun dame ta, da gari ya waye aka koma, cikin 'yan mintoci Brough ta gama da ita 9-7. An ka da ita, amma ƙofar da ta buɗu ba ta sāke rufuwa ba. A 1951 ta zama ɗaya daga cikin baƙaƙen fata na farko da suka yi wasa a Wimbledon.

Shekarun Jira

Masu karatu za su zaci daga nan sai nasara. Ba haka aka yi ba. Shekara biyar tana shiga manyan gasanni ba ta ci ko ɗaya ba. Tana da tsawo, ƙafa 5 da inci 11, tana da ƙarfin bugu, ta kan ruga gaban raga ta tare ƙwallo tun ba ta faɗi ba, amma garaje ya yi mata yawa. Ta kama aikin koyar da wasannin motsa jiki a Jami'ar Lincoln ta Jihar Missouri, albashi kaɗan, har a 1955 ta yi niyyar barin tanis ta shiga aikin soja na mata. Malaminta na lokacin, Sydney Llewellyn, mutumin Jamaika wanda ya ke tuƙin tasi a Harlem, shi ya yi ta ba ta baki, ya kuma gyara mata riƙon sanda.

Ana nan sai Gwamnatin Amurka, wadda a ke ta zargi a duniya saboda wariyar launi, ta ga ya kamata ta aika da 'yan wasa ƙasashen Asiya su gyara mata suna. A ƙarshen 1955 aka tura su su huɗu, har da Althea, suka zaga Indiya da Pakistan da Silon da Bama da Tailan. Althea ta san dalilin da ya sa aka zaɓe ta, amma ta karɓa. Wannan tafiya ita ta sāke ta. Ta ga ƙasashen da masu mulki da masu kallo duk ba farare ba ne, ta yi wasa kullum ba tare da tunanin kuɗin mota ba. Da aka gama ta zarce Turai, cikin gasa 18 ta ci 16.

Nasara

A 1956 a birnin Paris ta ka da Angela Mortimer ta Ingila 6-0, 12-10, ta ɗauki gasar Faransa. Ba baƙar fatan da ya taɓa cin ɗaya daga cikin manyan gasannin nan huɗu kafin wannan rana. A wasan biyu-biyu kuwa ta haɗu da Angela Buxton, Bayahudiya 'yar Ingila, wadda ita ma kulob-kulob suka sha ƙi saboda asalinta. Waɗannan biyu da sauran 'yan wasa ba su cika son zama da su ba, sai suka haɗa kai suka ci Paris, suka ci Wimbledon. A riƙe sunan Buxton, za mu sāke saduwa da ita.

Shekarar 1957 shekara ce da baƙar fata ba zai manta ba. A watan Maris Gana ta sami mulkin kai. A watan Yuni ɗan Nijeriya Hogan Bassey ya zama zakaran damben duniya na ajinsa a Paris. Ran 6 ga Yuli, cikin zafin rana mai tsanani, Althea ta ka da Darlene Hard 6-3, 6-2 a karon ƙarshe na Wimbledon, ba ta ba da zagaye ko ɗaya ba tun farkon gasar. Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wadda aka yi wa hawan daba a Kaduna a 1956, ta sauko fili ta miƙa mata farantin nasara. Da ta koma New York aka zaga da ita cikin buɗaɗɗiyar mota ana watsa mata takardu daga benaye, irin girmamawar da aka taɓa yi wa Jesse Owens mai tsere.

A watan Satumba ta koma Forest Hills. Wa za ta tarar a karon ƙarshe? Louise Brough, wadda ta ka da ita bayan tsawa shekara bakwai da suka wuce. Althea ta gama da ita 6-3, 6-2, Mataimakin Shugaban Ƙasa Richard Nixon ya miƙa mata kofi. Mai haƙuri ya kan dafa dutse. Amma a cikin wannan mako ɗin, a garin Little Rock, Gwamnan Jihar Arkansas ya sa sojoji sun tare ƙofar wata sakandare don kada yara tara baƙaƙen fata su shiga. Ƙasa ɗaya, mako ɗaya.

A 1958 ta maimaita: ta ka da Mortimer 8-6, 6-2 a Wimbledon, ta ka da Hard 3-6, 6-1, 6-2 a Amurka. 'Yan jaridar Amurka suka zaɓe ta gwanar 'yan wasa mata ta shekara a 1957 da 1958. Jimlar manyan kofunanta 11: biyar ita kaɗai, biyar da abokiya mace, ɗaya da abokin wasa namiji. Waɗansu jaridun baƙaƙen fata sun yi mata gorin ba ta fitowa ta yi magana a kan wariya. Ita kuwa ra'ayinta shi ne aikinta wasa, kuma nasarar da ta ke yi a fili ita ce maganarta.

Bayan Kofuna

Ga ɗacin da muka ambata. A ƙarshen 1958, tana da shekara 31, tana kan gaba da dukan matan duniya, ta bar manyan gasanni, ba don rauni ba, sai don ba ta da abin biyan haya. 'Yan'uwanta farare da yawa suna da iyaye ko maza masu hali, ita kuwa ba ta da kowa sai hannunta. Ta koma wasa don kuɗi, dokar da muka faɗa kuwa ta rufe mata Wimbledon da Forest Hills.

Ta gwada sana'a iri iri. Ta buga littafin tarihinta a 1958. Ta yi faifan waƙa a 1959, ta kuma fito a wani sinima tare da John Wayne. Ta bi 'yan ƙwallon kwandon nan na Harlem Globetrotters gari-gari, ita da Karol Fageros, suna buga tanis kafin a fara wasansu. A 1960 ta ci gasar masu wasa don kuɗi a Cleveland, abin da aka ba ta bai taka kara ya karya ba. Daga nan ta koyi wasan golf, ta zama baƙar mace ta farko cikin ƙungiyar mata masu wannan sana'a. Can ma wariya ta bi ta: akwai masaukan da suka ƙi ta, akwai kulob ɗin da za a bar ta ta yi wasa a filinsa amma a hana ta shiga ɗakin sāke tufafi, sai ta sāke a cikin motarta. Mafi kyawun abin da ta yi shi ne ta zo ta biyu a wata gasa a 1970.

A 1968 aka soke tsohuwar doka, aka fara biyan kuɗi. A Wimbledon ta wannan shekara Rod Laver ya karɓi fam 2,000, Billie Jean King ta karɓi fam 750. Mata suka tashi neman daidaici, Amurka ta daidaita a 1973, Wimbledon sai a 2007. Duk wannan ya zo ne bayan Althea ta wuce shekara 40. Ta share gona, waɗansu suka girbe.

A 1971 aka sa sunanta cikin jerin manyan gwanayen tanis na tarihi. A 1976 Jihar New Jersey ta naɗa ta kwamishinan wasanni, amma ba ta daɗe ba ta ajiye, don ta ga muƙami ne ba iko ba kuɗin aiki. Ta ci gaba da koya wa yaran talakawa wasa. A 1992 ciwon shanyewar jiki ya kama ta, kuɗin magani ya cinye ɗan abin da ta tara, ta kulle kanta a gida don ba ta son a gan ta cikin wannan hali. Da abin ya kai maƙura ta buga wa Angela Buxton waya ta gaya mata ta gaji da duniya. Buxton ta aika mata da abin da ta ke iyawa, sa'an nan ta sa aka buga wasiƙa a wata mujallar tanis, sai ga gudummawa tana zuwa daga ƙasashe dabam dabam. Abotar shekara arba'in ita ta rufa mata asiri. Ta rasu ran 28 ga Satumba, 2003, a East Orange, tana da shekara 76.

Bayan ta, Arthur Ashe, wanda shi ma Dokta Johnson ya rena a wannan fili na Lynchburg, ya ci gasar Amurka a 1968 da Wimbledon a 1975. Amma sai da aka yi shekara 41 kafin wata baƙar mace 'yar Amurka ta sāke cin babbar gasa, watau Serena Williams a 1999, yayarta Venus kuma ta ci Wimbledon a 2000. A 2019 aka kafa siffar Althea ta dutse a filin da a ke gasar Amurka.

Abin Da Ya Shafe Mu

In muka ƙirga hannuwan da suka ɗaga yarinyar nan, za mu ga makaɗi, da maƙwabta masu karo-karo, da malami mai hannu ɗaya, da likitoci biyu da iyalinsu, da direban tasi, da Baturiya mai alƙalami. Ba ɗaya daga cikinsu da aikinsa ne ya yi haka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai wani ya fara sa nasa. Malamin da ya ke da yaro mai gagara a ajinsa, kafin ya ja layi a kan sunansa, ya fita filin wasa ya dube shi tukuna, ko wurin aikin hannu, ko gonar makaranta. Ƙarfin da ya ke fasa aji sau da yawa shi ne wanda bai sami wurin zuba ba.

Na biyu, a lura likitocin nan ba su ce ta bar karatu ta bi ƙwallo ba, ba su kuma ce shekarunta sun wuce ba. Takardar digirin nan ita ta ba ta aikin koyarwa sa'ad da kofuna ba su zo ba. An ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, gaskiya ne, amma 'yar shekara 19 ba ta bushe ba. Duk yarinyar da ta bar makaranta ta dawo tana neman wuri, ya kamata ta tarar da ƙofa a buɗe, kada kuwa a ce da ita ta kawo takardar da aka san ba mai ba ta.

Na uku, jama'ar da ta yi wa mutum tafi ranar nasararsa, akwai hakkinsa a kanta ranar da ƙarfinsa ya ƙare. Birnin da ya watsa wa Althea takardu daga benaye bai san tana kwance ba abin sayen magani ba, sai da wata tsohuwa daga Ingila ta tuna masa. Kowannenmu ya san wani tsohon malami ko tsohon ma'aikaci da ya yi wa garinsa aiki, yau ba mai leƙa shi. Kada mu jira sai an zo sassaƙa dutse. Allah Ya ba mu idon ganin alheri a jikin 'ya'yan da aka ba mu amana, Ya kuma sa mu gama lafiya.